Wi-Fi Ta Ƙi Kamawa: Sake Girka Direba Ko Share Saituna Duka?

Idan kwamfutar tebur mai Windows ta daina ganin Wi-Fi alhali wayarka tana kamawa lafiya lau, galibi ba laifin rauta (na'urar da ke watsa Wi-Fi) ba ne.

Kana iya cire direban katin Wi-Fi, wato manhajar da ke sa katin aiki, a Device Manager (wurin sarrafa na'urorin kwamfuta a Windows), ka sake kunna kwamfutar, Windows ta mayar da shi da kanta. Amma ka ajiye sabon direba a filashi tukuna, don in abin ya ci tura, da wace intanet za ka sauke shi?

Network reset kuwa, wato share saitunan sadarwa duka, ba sani ba sabo: kalmomin sirrin Wi-Fi da ka adana duk za su tafi, wani lokacin har VPN (manhajar sirranta haɗin intanet) sai ka sake saitawa.

Ni da direba nake farawa, musamman in matsalar ta biyo bayan sabunta Windows.