Shayin pu-erh na ajiya: ɗanye ko nunanne?

Alhaji, tunda Guangzhou ta ƙasar Sin za ka sari, kuma shayin pu-erh da za ka ajiye ya tsufa kake tambaya, sayi ɗanyen, wato sheng. Nunannen, shou, ɗauki faifai ɗaya (dannannen ganyen ke nan) na sha in ranka ya biya, amma kada ka ɗora masa buri.

Asalin ganyen ɗaya ne. Daga lardin Yunnan yake fitowa, kudu maso yammacin ƙasar Sin, daga irin bishiyar shayi mai faffaɗan ganye. Ana tsinko shi, a bar shi ya yi laushi, a gasa shi a babban kasko da wuta matsakaiciya, a murje, a shanya a rana. A kan busasshen ganyen nan hanya take rabuwa. Sheng turara shi kawai ake yi, a danne ya zama faifai mai giram 357, a ɗaure bakwai-bakwai cikin bawon gora, sauran aikin kuma na shekaru ne. Shou kuwa jibge ganyen ake yi tsibi guda, a yayyafa ruwa, a lulluɓe, ana juyawa har kwana 45 zuwa 60, kamar dai yadda ake rufe kalwa ta zama daddawa. A masana'antar shayi ta Kunming, babban birnin Yunnan, aka fito da dabarar a 1973, don a kwaikwayi ɗanɗanon tsohon sheng ba tare da jiran shekara ashirin ba. Turawa na yawan kwatanta pu-erh da giyar inabinsu da ke ƙara daraja a ajiye, shi ya sa wasu ke ɗar-ɗar da shi. Kamannin a tsufan ya tsaya. Wannan ganyen shayi ne, ba ya sa maye.

Sabon sheng ba shi da ladabi. Ruwansa rawaya ne mai ratsin kore, ga ɗaci, ga bauri mai kama harshe, wani ma da ƙaurin hayaƙi. In ka sha shi ba ka ci komai ba, cikinka zai gaya maka. Amma ɗacin nan da baurin su ne jarinsa, su ne suke narkewa a hankali su koma zaƙi da kauri. Sabon ganyen da ka ji salam, ba ɗaci ba ƙarfi, shekara goma ba za ta ƙara masa komai ba sai lami. Abin da za ka lura da shi ba yawan ɗacin ba ne, saurin juyawarsa ne. Ka san yadda ruwa ke yin zaƙi a baki bayan ka ci goro? To haka nagarin sheng yake: ka haɗiye, kafin minti ɗaya ɗacin ya sake ka, zaƙi ya taso daga maƙogwaro, yawu ya tsinke a gefen harshe. Sinawa na ce wa wannan huigan. Wanda ɗacinsa ya zauna daram a kan harshe, ko ya ɗaure maka wuya kamar ka haɗiyi ƙura, bar musu kayansu.

Tsakanin shekara uku zuwa shida yakan shiga wani hali na ba-ka-nan-ba-ka-can: ƙamshin fure na ƙuruciya ya tafi, na tsufa bai iso ba. A nan mutane da yawa ke karaya su ce an cuce su. Daga bakwai zuwa goma, idan a wuri mai ɗumi da danshi ya zauna, sai ya fara faɗin sunansa. Akwai faifan sheng mai lamba 7542, bugun 2009, a wajena. Ganyen da ya fara da kore-kore yanzu ya koma ruwan ƙasa mai sheƙi, farin tohon cikinsa ya zama ruwan zinariya. A kofi launin zuma ne mai duhu, tas, kana hango gindin kofin. Ganye ɗaya ake ta sake zuba wa ruwa: zubin farko na sha ƙamshin tsohon katako da ɗan hayaƙi, na uku busasshen dabino, wajen na shida wani sanyi-sanyi kamar kafur ya ratsa maƙogwaro, kuma har zubi na goma sha biyu bai zama ruwa ba. Ko da ka shanye, shinshina kofin: ƙamshi mai zaƙi na manne a ciki. Baɗi in ka sake buɗe shi, wani abin za ka tarar.

Shou fa? Baƙi ne kamar kofi, santsi, ba ɗaci, yana kwanciya a ciki bayan tuwo da miya mai maiƙo, yana kuma karɓar madara. Iyakarsa ke nan. Sabonsa na zuwa da warin tsibin da aka ruɓar da shi, wani abu tsakanin kududdufi da kifi. Shekara biyu ko uku warin ya fita, ya ƙara santsi, daga nan canjin kaɗan ne, domin an riga an ƙone masa tafiyar a wata biyu. Ƙunshin bakwai da na taɓa saya sabo don ajiya, da na sani ɗaya na ɗauka.

Kada ka sayi sheng ɗan bana. Nemi wanda ya riga ya yi shekara bakwai zuwa goma a ajiyar Guangdong, lardin da Guangzhou take, saboda yanayinmu ba ya taimakon jariri. Pu-erh na son danshin iska kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari da ɗumi digiri 20 zuwa 30. Wannan ne ya sa na Hong Kong da Malesiya ke saurin tsufa, na Kunming mai sanyi da bushewa ke tafiyar hawainiya. A Kano ko Damagaram kuwa, da hunturu danshi na faɗuwa ƙasa da kashi 20. Ganye ya bushe ƙayau, ƙamshi ya gudu, ruwan ya koma tsami-tsami mai kaifi. Ga zafin bazara mai kai digiri 40. Sai Agusta ta zo danshi ya haura 80, fumfuna ta samu wuri. Faifan da aka bari a kan kanta zai sha dukan nan uku kowace shekara.

Maganinsa mai sauƙi ne. Bar faifan cikin takardarsa, ka sa shi a jakar leda mai rufin azurfa da ke zugewa, tare da fakitin daidaita danshi na kashi 65, irin na kamfanin Boveda, giram 60 ga faifai biyu ko uku. Jakunkunan su shiga kula mai tsabta wadda ba a taɓa zuba abinci a ciki ba, da ƙaramar na'urar auna danshi. Ajiye kular a ɗakin da ya fi sanyi, ba a ƙasa ba, ba jikin bangon da rana ke duka ba. Duk wata ka buɗe ka shinshina. Fakitin in ya yi tauri, ya ƙare, canza shi. Ban da firiji. Kada kuma sheng da shou su kwana jaka ɗaya. Babban abokin gabarsa a gidajenmu wari ne: turaren wuta, humra, daddawa, kananzir, hayaƙin janareta, ƙwayar kafur ta cikin akwatin kaya. Ganyen shayi na zuƙar duk abin da ke iska, kuma ba ya mayarwa. Ɗakin uwargida dai ba wurinsa ba ne.

Ba ka tambaya ba, amma a kasuwar shayi ta Fangcun da ke Guangzhou za a kai ka, kuma can takarda ba ta da tsada. Ana buga tsohuwar takarda, a shafa mata datti, a naɗe ganyen bara a ce na 1998 ne. Ana jiƙa sabon sheng a ɗaki mai laima ya yi duhu da wuri. Ana sayar da shou mara nauyin ruɓa da sunan tsohon sheng. Sunan ƙauyen Lao Banzhang kuwa, da kalmar gushu mai nufin tsohuwar bishiya, a kan faifai mai araha ƙarya ce tsagwaronta, domin ƙauye ɗaya ne ƙarami kuma ganyensa na cikin mafi tsada a Yunnan. Koyi karanta lamba ma: a 7542, 75 shekarar da aka tsara haɗin ce, 1975, ba shekarar da aka danne faifan ba, 4 darajar ganye, 2 masana'antar Menghai, kamar yadda 1 ke nufin Kunming, 3 Xiaguan. Shekarar bugu na cikin wata lambar dabam, misali 901, bugun farko na 2009. Duk wanda ya nuna maka 75 ya ce shayin shekara hamsin ne, tashi ka ba shi wuri. Wanda kuma ya ce ka zuba jari farashi zai ninka, tambaye shi labarin 2007, lokacin da kasuwar pu-erh ta kumbura ta fashe.

Kada ka biya sai an dafa maka daga faifan da za ka ɗauka, ba daga wani samfur na gefe ba. Giram 7 a gaiwan, ƙaramin kofin nan mai murfi, na mililita 100, da tafasasshen ruwa. Zubin farko wanki ne, sakan biyar a zubar. Sai sakan goma, goma, sha biyar, ana ƙarawa. Ba sukari, ba a kuma ɗora shi a wuta ya yi ta tafasa kamar ataya. A zubi na huɗu ce a bar shi minti ɗaya cur, domin dogon jiƙo ke tona aibi: warin rumbu, tsami, ƙaiƙayin wuya. Daga ƙarshe juye ganyen a murfi ka taɓa. Tsohon sheng na gaskiya ganyensa na buɗewa, ruwan ƙasa mai ja-ja, ka ja shi ya yi danƙo. Na shou baƙi ne, a ƙanƙance. Wanda aka jiƙa da gangan launinsa dabbare-dabbare ne, ka murza ya dagargaje kamar dafaffen alayyafo.

In ya ci jarrabawa, ɗauki uku iri ɗaya. Faifai guda zai ba ka zama hamsin, sauran biyun su jira. A jakar tafiya nesanta su da turaruka da sabulu, in ka iso gida kuma ba su mako biyu su huta kafin ka ɓantari na farko, da tsinken ƙarfe, daga gefe, kana ɗaga ganyen falle-falle don kada ya karye ya ƙara ɗaci.