Kafin ka sayi maganin feshi, san ƙwaron da ke huda maka kuɓewa

Bara ganyen kuɓewar da na shuka a lambuna, nan gefen Bunkure, ya koma kamar rariya. Na garzaya kasuwa, mai magani ya miƙo min kwalba ko takarda babu a jikinta, ya ce, "Malam, wannan ba ya barin ƙwaro." Na fesa, ganye ya ƙone, bayan sati ga ƙwarin sun dawo. Har yau abin yana min ciwo.

Ka fita da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, ka duba ganyen. In ƙwaron bai kai ƙwayar dawa ba, yana sheƙi, ja-ja ko baƙi mai ɗan shuɗi, kana kai hannu ya yi tsalle kamar ƙuma, to shi ne masana ke kira Podagrica. Kuɓewa, yakuwa da rama yake bi, kuma yana yaɗa cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare. Na wake daban ne, Ootheca, ya kai milimita 6, ba ya tsalle, sai dai ya saki jiki ya faɗo ƙasa.

Toka kyauta ce, tana ɗan korar su daga ƙananan shuka, amma ruwa ɗaya ya wanke ta.

Ni darbejiya na fi yarda da ita. A daka busassun 'ya'yanta, kamar giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle don kada bakin injin feshi ya toshe, a ɗan sa sabulu, a fesa da yamma saboda rana tana kashe ƙarfinsa. Ba ya zubar da ƙwaro nan take, hana shi ci yake yi, sai ka maimaita duk sati. Aiki ne, amma kuɓewar da ake tsinka duk kwana biyu ko uku a kai tukunya, hankalina ya fi kwanciya da shi.

Maganin kanti irin su lambda-cyhalothrin da cypermethrin yana aiki da sauri, yana kuma kashe ƙudan zuma. Ina ajiye shi ne sai in ƙwarin sun taso wa shuka tana ƙarama, kafin fure. In za ka saya, nemi lambar NAFDAC, ranar lalacewa, da kwanakin da za a jira kafin tsinka. Fiya-fiya kuwa, don Allah kada ta kusanci ganyen miya.