Akwatin bincike a manhajar kwamfuta: GTK, Qt, wxWidgets ko Tkinter, wanne za ka ɗauka?

Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar da ke riƙe dogon jeri, na sunaye ne ko na fayiloli ko na kaya, ya san ranar da mai amfani zai ce masa: "Ka sa mana wurin da za mu rubuta abu ya fito mana." A baki ƙaramin aiki ne. Gurbi ɗaya a saman taga, ɗan hoton gilashin dubawa a gefe guda, alamar gogewa a ɗaya gefen, shi ke nan. Wannan ɓangaren da ido ke gani kowane kayan aikin gina tagogin manhaja, irin su GTK da Qt da wxWidgets da Tkinter, zai ba ka shi cikin minti goma. Inda suke rabuwa shi ne abin da ke faruwa tsakanin lokacin da yatsa ya taɓa harafi da lokacin da sakamako ya bayyana. A nan ya kamata ka auna su kafin ka zaɓa, domin a nan ne manhaja take yin sauƙi ko ta yi nauyi a hannun mai ita.

Ka ɗauka mutum yana rubuta kalmar "kwamfuta". Haruffa takwas ne. Idan ka haɗa bincikenka kai tsaye da kowane canjin rubutu, manhajar za ta tace jerin sau takwas, bakwai daga ciki a banza, tunda ba "k" ko "kw" yake nema ba. A jeri mai layi ɗari ba wanda zai lura. Na taɓa yin haka a kan tebur mai dubban layuka, kuma abin da na gani bai fita raina ba: mutumin ya gama rubuta kalmarsa ya ɗaga hannu, haruffan kuma suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar ana jawo su da igiya. Maganin shi ne ɗan jinkiri, a dakata har yatsu su lafa sannan a bincika. Tambayar farko da zan yi wa kowane kayan aiki ita ce, shin da wannan jinkirin ya zo, ko ni zan ɗinka shi?

GTK ne ya fi kowa tunani a kan wannan. Yana da GtkSearchEntry tun sigar 3.6, akwati da aka yi musamman don bincike, da gilashinsa da alamar gogewarsa da ke fitowa da zarar an rubuta wani abu. Daga 3.10 aka ƙara siginar search-changed (sigina ita ce sanarwar da akwatin ke aika wa manhajarka idan wani abu ya faru), wadda ba ta tashi sai an yi milisakan 150 ba a taɓa komai ba, kuma a GTK 4.8 aka ba ka damar canza wannan adadi ta search-delay. Danna Escape yana tayar da stop-search, Ctrl da G kuma yana tayar da next-match don zuwa sakamako na gaba. Akwai kuma GtkSearchBar, sandar da ke ɓoye har sai mutum ya fara rubutu a ko'ina cikin tagar, sai ta zuro da kanta ta karɓi haruffan. Wanda ya saba da manhajojin GNOME na Linux ya san wannan ɗabi'a, kuma da wuya ya yarda ya rabu da ita. A GTK 4, wanda ya fito a Disambar 2020, tacewar ma an shirya ta: ka ɗora GtkStringFilter a kan GtkFilterListModel, kuma idan jerin ya yi yawa ka kunna incremental don a tace shi kaɗan-kaɗan ba tare da tagar ta daskare ba.

Abin da zai sa ka yi jim shi ne inda manhajar za ta zauna. A Linux GTK ɗan gida ne. A Windows da macOS yana aiki, amma haɗa shi cikin fayil ɗin da za ka miƙa wa mutane yana cin lokaci, kuma kamanninsa na baƙo ne a can. Sannan ka sani cewa GtkEntryCompletion, wanda ke sauko da jerin shawarwari a ƙarƙashin akwati, an ayyana shi a matsayin tsohon yayi tun 4.10. Idan shawarwari masu saukowa su ne ginshiƙin abin da kake so, wannan ba ƙaramin gargaɗi ba ne.

Qt hanyarsa daban. Ba shi da wani akwati mai suna na bincike a cikin kayan tagoginsa. QLineEdit ne na kullum za ka ɗauka ka yi masa ado: setPlaceholderText don rubutun nan mai dishi-dishi da ke cewa "Nemi suna", setClearButtonEnabled don alamar gogewa, addAction don dasa gilashin a farkon akwatin. Biyun ƙarshe sun shigo ne a Qt 5.2. Jinkirin kuwa kai za ka yi shi da QTimer, ka sa shi ya tashi sau ɗaya tak, kana sake tayar da shi duk lokacin da aka danna harafi. Layi huɗu ko biyar ne, ba abin tsoro ba, amma dole ka san da shi, don Qt ba zai tuna maka ba. Ka kuma lura da siginoni biyu masu kama da juna: textChanged tana tashi ko da manhajar ce da kanta ta canza rubutun, textEdited kuwa sai hannun mutum. Mutane da yawa sun sha wahalar bincike mai maimaita kansa saboda sun ɗauki ta farkon a wurin ta biyu.

To me ya sa duk da haka Qt nake fara ba mutane shawara? Saboda abin da ke bayan akwatin. QSortFilterProxyModel yana shiga tsakanin bayananka da teburin da ke nuna su, ya tace, ya jera, ba tare da ya taɓa asalin bayanan ba. Ka ba shi rubutun ta setFilterFixedString, teburin ya gyara kansa. Idan ka ga dama ka rubuta taka filterAcceptsRow, ka ce layi ya fito in suna ya dace ko lamba ta dace ko duka biyun. Akwai tarko biyu da yake zuwa da su daga masana'anta, kuma gara ka ji su yanzu. Na ɗaya, yana bambanta babban baƙi da ƙarami sai ka hana shi, don haka "musa" ba zai samo "Musa" ba. Na biyu, ginshiƙin farko kawai yake dubawa sai ka sa filterKeyColumn ya zama -1. Ga kuma QCompleter don shawarwari masu saukowa, wanda yake nan daram. Idan manhajarka tebur ce mai ginshiƙai da yawa, kuma za ta zauna a Windows da macOS da Linux gaba ɗaya, ban ga wanda ya kamo Qt ba.

Sai dai a nan maganar lasisi take shigowa, kuma kada ka bar ta sai ranar da za ka sayar. Qt yana da lasisin LGPL da GPL da kuma na kasuwanci; GPL yana tilasta maka buɗe rubutun manhajarka in ka rarraba ta, LGPL kuwa ba ya yi. Ga masu Python, hanyoyi biyu ne suke kama da juna kamar tagwaye a wajen rubutu amma ba a wajen doka ba: PyQt na kamfanin Riverbank Computing ko dai GPL ko ka biya, PySide kuwa, wanda kamfanin Qt da kansa ke kula da shi, yana ƙarƙashin LGPL. Mai niyyar sayar da manhaja ba tare da buɗe rubutunta ba, PySide6 ya fi masa kwanciyar hankali. GTK LGPL ne. wxWidgets yana da nasa lasisin mai sassauci da ke ba ka damar rarraba manhajar da ka haɗa bisa sharuɗɗanka, Tk kuwa, wanda Tkinter ke zaune a kansa, irin na BSD ne, kusan babu takura.

wxWidgets, wanda Julian Smart ya fara a Jami'ar Edinburgh a 1992, yana da ƙa'ida ɗaya: ya ari kayan tsarin da yake kai. Saboda haka wxSearchCtrl a macOS ainihin akwatin binciken Apple ne, mai amfani ba zai gane bambanci ba, a Windows kuma, wx ne yake harhaɗa nasa. Yana da abu guda da nake so ƙwarai, wato SetMenu, da ke rataya ƙaramin jerin zaɓi a jikin gilashin, wurin da ya dace da binciken baya-bayan nan ko zaɓin "a suna kawai". Ya raba EVT_TEXT na kowane harafi da EVT_SEARCH na lokacin da aka nemi binciken da gaske. Amma jinkiri naka ne, tacewa ma mafi yawanta taka ce. Ka ɗauke shi idan kamannin gida a kowane tsari shi ne babban burinka.

Tkinter ba sai an ja magana ba. Yana zuwa tare da Python, galibi ba ka sauke komai. Entry da StringVar da trace_add, sai after da after_cancel don jinkiri. Babu gilashi, babu alamar gogewa, kuma a Tk 8.6 da ke hannun yawancin mutane ko rubutun dishi-dishin babu, sai a Tk 9.0 ya samu. Don ƙaramin kayan aikin da kai da abokan aikinka za ku yi amfani da shi, ya isa har ya yi saura. Don abin da za ka sa wa farashi, za ka ƙare kana ƙera abin da wasu ke bayarwa kyauta. Wanda kuma tsari ɗaya kawai ya nufa, ya duba na gida tukuna: NSSearchField a macOS yana tuna binciken baya da kansa, AutoSuggestBox a WinUI na Windows kuma da shawarwarinsa yake zuwa.

Akwai wani abu da babu ɗaya daga cikinsu da zai yi maka, kuma ya fi duk abin da na lissafa shafar mai rubutu da Hausa. Mutum zai rubuta "kasa" yana neman "ƙasa", ko "daki" yana neman "ɗaki", domin allon madannansa ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Dabarar da aka saba ita ce a warware harafi ta ƙa'idar Unicode, wato tsarin da kwamfuta ke gane haruffa da shi, é ya rabu zuwa e da alamarsa, a jefar da alamar. Wannan ba ya aiki a kan ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, saboda a Unicode kowannensu harafi ne mai zaman kansa, ba k ko d da aka ɗora wa ƙugiya ba. Dole ka rubuta ɗan teburin musanya da hannunka, ka bi da rubutun mai nema da kuma bayanan da ake nema ta cikinsa kafin a gwada su. Don haka ka duba ko kayan aikin yana barin ka saka taka ƙa'idar tacewa cikin sauƙi. A Qt filterAcceptsRow ce ƙofar, a GTK 4 kuma GtkCustomFilter. Kuma ka ajiye kwafin bayanan da aka riga aka musanya, kada ka riƙa sake lissafin a kan kowane layi duk danna harafi.

Idan manhajarka ta riga ta tsaya a kan ɗaya daga cikin waɗannan, kada akwatin bincike ya sa ka ƙaura. Ka ɗinka abin da ya rage a inda kake. Idan kuwa sabuwa ce, ka ware yini guda ka gwada biyun da suka fi kwanta maka, da bayanai masu yawan da kake tsammani nan da shekara biyu, ba layi ashirin na gwaji ba. Ka rubuta da sauri, ka goge da sauri, ka danna Escape, ka liƙa dogon rubutu, ka bar akwatin fanko ka ga ko jerin ya dawo cikakke. In bayanan daga rumbu suke zuwa, kamar SQLite, ko ta intanet, ka mayar da binciken bayan fage, sannan ka gwada wannan: rubuta "ab", ka ƙara "c" nan take. Wani lokaci amsar "ab" takan makara ta iso bayan ta "abc", ta hau kanta ta rufe ta. Ka ba kowace tambaya lamba, duk amsar da ta iso da lambar da ba ta ƙarshe ba ka watsar da ita.