Obin ɗin adashe da cinyar kaza mai zuma, bayan wata huɗu ina gwaji

Cinyar kaza ce ta kai ni sayen obin. A walimar wata ƙawata da muke koyarwa tare na fara cin irinta: fatar ta yi jawur tana sheƙi, zaƙi da gishiri sun riƙe juna, ga ƙamshin citta yana hawa hanci. Na tambaye ta sirrin, ta ce zuma ce da soya sos (wani baƙin ruwa mai gishiri na waken soya) da tafarnuwa, sai a tura obin. Na dawo gida na ce ai mu da tukunya da yashi muka tashi muna gasa kek ɗin Sallah, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, kaza ba za ta gagare ni ba. Ta gagare ni. Ƙasan ya ƙone ƙurmus, jikin ƙashi kuma da jini-jini. Baban Ummi ya cinye nasa bai ce uffan ba, kuma a gidanmu shirunsa ya fi faɗa ciwo.

Shi ya sa da kwasar adashe ta zagayo kaina bayan Ƙaramar Sallah, na nufi kasuwar Sabon Gari. Mai shagon ya sauko min da wani na ɗorawa kan tebur, lita 45, wat 2,000, ya buga samansa ya ce, "Hajiya, wannan har rago sai ki gasa." Na ce, "Malam, ragon da aka yanka gida nawa?" Ya yi dariya, ya jona shi a gabana har ƙarafunan zafin suka yi ja, na sama biyu, na ƙasa biyu. Wannan gwajin kada ki yarda a tsallake shi. Bayan rasit babu wata takardar da na samu, kuma in kin kai shi gida kin ga ƙarfe ɗaya ba ya kamawa, rantsuwa ce kawai za ta shiga tsakaninku.

Maɓallansa uku. Ɗaya na zafi, daga digiri 100 zuwa 250. Ɗaya na zaɓen wuta, sama ko ƙasa ko duka biyun, da fanka ko babu. Na ukun agogo ne na minti 60, in ya cika ya buga ƙararrawa ya kashe kansa. Ya zo da tire ɗaya, da raga, da wani sanda na juya kaza irin ta masu gashin inji. Sandan sau ɗaya na yi amfani da shi, fiffiken kazar yana ta shafar ƙarfen ƙasa yana hayaƙi, na wanke na jefa a durowa, can yake har yau.

Gashin farko na yi shi yadda aka faɗa min a tsaye a wajen walima. Na kwaɓa komai har da zumar, na zuba wa cinyoyin, na murɗa 200, na ba su minti 45, na tafi ninke wanki. Ƙauri ne ya kira ni. Na baya sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, na kusa da ƙofa ko launi ba su gama ɗauka ba. Ranar na zagi obin, na zagi mai shago a raina, na yi kukan kuɗin adashena.

Daga baya na gane laifin kashi biyu ne, kuma rabi nawa ne. Zuma ba ta jure wuta. Sukarin da ya fi yawa a cikinta, wanda ake ce wa furuktos, yana fara canja launi tun wajen digiri 110, alhali sukarin shayi sai ya kai kusan 160. Cinya mai ƙashi kuwa tana son kusan minti 40 kafin ta nuna har ciki. Wato kin haɗa mai gaggawa da mai nawa a tire ɗaya, kafin kaza ta iso zuma ta riga ta wuce gida. Wannan ko obin ɗin gidan sarki ne haka za a yi.

Ɗaya rabin kuwa nasa ne, kuma shi ne babban abin da nake so mai niyyar saye ta sani: lambobin da ke jikin maɓallin zafi ado ne. Ƙanena da ya karanta lantarki ya kawo min ɗan ma'aunin zafi da ake ratayawa a cikin obin. Muka murɗa 200, muka jira rubu'in awa. A can ciki allurar ta haura 225, a bakin ƙofa ko 190 ba ta cika ba, domin gilashin ƙofar falle ɗaya ne, zafi ta nan yake zurarewa. Washegari da wuta ta zo ba ƙarfi, irin wadda fanka ke juyawa kamar mai jin barci, maɓalli yana kan 200 ɗin amma ciki bai wuce 170 ba. Ya zana min lissafin a bayan kwalin ashana: an ƙera shi don bolt 230, in wutar ta sauka zuwa 180 ƙarfin zafinsa yana komawa kusan kashi 60 cikin 100, wat 2,000 ya zama dubu ɗaya da ɗari biyu da 'yan kai. Tun ranar na daina kallon maɓalli, allura nake kallo. Ma'aunin bai kai kuɗin kaza ɗaya ba, amma in babu shi obin ɗin nan caca ne.

Yanzu ga yadda nake yi, kuma sau tara a jere bai ba ni kunya ba. Cinyoyi takwas nake ɗauka, da fatarsu da ƙashinsu, abin da tiren zai ci ke nan ba tare da sun hau juna ba. In suka cunkushe, ruwansu ne zai taru su dahu a ciki, ki fito da farfesu maimakon gashi. Ina daka tafarnuwa ƙwaya biyar, ɗanyar citta kamar babban yatsa, attaruhu ɗaya da ɗan masoro. In zuba soya sos cokali huɗu da ruwan tsamiya mai kauri cokali biyu. Ba gishiri, ba dunƙule, soya sos ɗin kansa gishiri ne, na taɓa mantawa na ƙara, ranar mun sha ruwa kamar raƙuma. Zuma ba ta shiga a wannan matakin. In cuɗa kazar a ciki in rufe, ta kwana a firji in akwai wuta, in babu kuma awa ɗaya a wuri mai sanyi ya isa, ɗanyar kaza ba a wasa da ita a zafin Kano.

In lokacin gashi ya yi, sai in kunna obin ya yi minti 15 babu komai a ciki, har allura ta zauna a 200. In tsame cinyoyin, in goge fatar ta bushe, in jera su fata a sama, wuta sama da ƙasa, fanka a kunne. Fankar nan ita ce abin da na fi yaba masa, domin tana rage bambancin gaba da baya sosai, ko da yake ba ta kashe shi gaba ɗaya ba. Bayan minti 15 ina juya tiren, na baya su dawo gaba. Suna ciki nake juye ruwan jiƙon a ƙaramar tukunya, in sa zuma cokali uku, in bar shi ya tafasa sosai, tun da ɗanyen nama ya kwana a cikinsa, har ya yi kaurin da zai kama bayan cokali. A minti na 28 ko 30 nake fito da tire in shafa na farko. Bayan minti bakwai in sake shafawa, in kashe wutar ƙasa in bar ta sama kaɗai minti uku zuwa huɗu. A wannan ɗan lokacin ko sallama aka yi ba na amsawa daga nesa, ina durƙushe gaban gilashi, saboda tsakanin ja mai sheƙi da baƙi bai fi minti ɗaya ba.

Masana lafiyar abinci sun ce naman kaza ya kai digiri 74 a tsakiyarsa kafin a ci. Ina da ma'aunin da ake sokawa a nama, kuma ni ina barin cinya ta haura 80, domin tana da jijiya da kitse waɗanda sai a nan suke narkewa, naman ya saki ƙashi. Ƙirji ne ke bushewa in ya kai haka, cinya daɗi take ƙarawa. In kin ga ɗan ja a jikin ƙashi alhali ma'auni ya nuna ta nuna, kada ki tsorata. Kajin gidan gona tun suna sati shida zuwa takwas ake yanka su, ƙashinsu bai yi ƙwari ba, launin ɓargo ne ke fitowa.

Wannan haɗin dangin abin da mutanen Japan ke kira teriyaki ne, "teri" sheƙi, "yaki" gashi. Sai dai nasu na asali ana sa masa mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi, kuma wasu kwalaben teriyaki da ake shigowa da su manyan kantuna akwai giya a jerin kayan haɗinsu. Shi ya sa nake haɗa nawa, tsamiya da zuma su tsaya a gurbinta, kuma ko soya sos ɗin sai na juya kwalba na nemi tambarin halal. Zumar ma a kula. Akwai wadda ake yi wa algus da dafaffen sukari. Tawa daga ƙauyen su Baban Ummi ake kawo min, da sauran saƙarta a ciki, ni nake tacewa.

Ranar da surukata ta zo, ta same ni ina shafawa, ta tsaya ta riƙe haɓa. "Zuma a nama? Wani ne ba lafiya?" Na ce, "A'a Hajiya, girki ne." Ta ɗauki kwalbar soya sos ta ce to wannan na soya ai ba na gashi ba ne, na ce da waken soya ake yin sa, da alkama da gishiri. Ba ta gamsu ba. Da aka zauna ci ta ɗauki ɗaya don kada ta kunyata ni, ta ce a miƙo mata yaji. Ta barbaɗa, ta ci, ta ɗauki ta biyu. Gaskiyarta kuwa, yajin ƙuli a kan wannan zaƙin ya fi yadda na ci a walimar, yanzu ba na kai shi tebur babu yaji a gefe.

Sati biyu bayan nan ta aiko min da zakara daga gida, wai a yi mata irin wancan. A nan na koyi cewa wannan lissafin na kajin gidan gona ne. Cinyar kazar Hausa da ta yi shekara tana tsere a tsakar gida, minti 40 a obin ba ya yi mata komai, ta fito kyakkyawa a ido, a baki kamar igiyar guga. Sai an sulala ta tukuna da albasa da citta har ta fara laushi, sannan a shafa a tura minti goma sha biyar don launi. In an yi haka kuwa ta fi ta gidan gona ɗanɗano nesa ba kusa ba.

Sauran abubuwan da ban ji daɗinsu ba ƙanana ne amma suna da cin rai. Jikinsa yana ɗaukar zafi ta ko'ina, har saman, na taɓa ajiye robar gishiri a kai na dawo na tarar ta lanƙwashe. Dole na nema masa wuri mai tsayi inda hannun Ummi ba ya kaiwa. Ƙwan fitilar ciki ya mutu a sati na uku, yanzu da fitilar waya nake leƙe. Tiren siriri ne, in ya ji zafi sai ki ji ƙas, ya karkace, romon ya gangare kusurwa ɗaya ya ƙone a can. Zumar da ta ƙone a jikin ƙarfe kuwa sai jiƙo na kwana da soson waya, don haka shimfiɗa foyil ba kwalliya ba ce. Wayarsa gajeriya ce, kuma kada ki ce za ki ƙara da irin jonin nan mai arha, nawa ya narke har ya yi wari. Soket na bango, shi kaɗai, ba tare da dutsen guga ko hita ba.

Ta fannin kuɗin wuta bai kai yadda na ji tsoro ba. Ko da ƙarafunan ba su huta ba, awa ɗaya yunit biyu ne, kuma suna hutawa in zafi ya kai. A mitarmu gashi ɗaya da ɗumamawarsa yana cin kusan yunit ɗaya da rabi. Ko ga 'yan Band A, rukunin da ya fi biyan wuta da tsada, da aka mayar wa yunit naira 225 a Afrilun 2024, wannan bai kai naira 350 ba, kuɗin da ko cinya ɗaya ba zai saya miki a wajen mai gashi ba. Matsalar samun wutar ce. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa, da kin murɗa zai shaƙe ya mutu. Sau biyu ana ɗauke min wuta kaza tana minti na ashirin. Ba na zama jiran tsammani da nama rabin dahuwa, kasko nake ɗorawa a gas, in rufe su ƙarasa a hankali, in zuba zumar a ƙarshe. Ana ci, amma fatar ba ta yin wannan ƙaras-ƙaras ɗin.

In unguwarku ana samun wuta mai ƙarfi ko da awa uku ne a jere, kuma gidanku bai wuce mutum shida ba, ki saya, ki haɗa da ma'auni a rana ɗaya. In girkin taro kike so, ko wutarku ta leƙo ta koma ce, ki ƙara haƙuri ki tara na mai gas. Ni dai na riga na san lokacinmu: ranar Asabar wajen ƙarfe goma na safe wutar ta fi ƙarfi, don haka tun daren Juma'a nake jiƙa kazata. Baban Ummi ya gane jadawalin, yanzu shi yake biyawa ta wajen 'yan kaji a Tarauni in ya taso daga masallaci, ya ce a ware masa cinyoyi zalla.