Sayen fili a Zariya: Birni, Sabon Gari ko hanyar Shika?

Mai niyyar zuba kuɗinsa a ƙasar Zariya ya fara duba inda garin ya dosa. Jirgin ƙasa ne ya haifi Sabon Gari a zamanin Turawa. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 ta mayar da Samaru gari guda. Da asibitin koyarwa ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika a 2005 kuwa, sai gonakin da ke bakin hanyar Funtuwa suka shiga zama gidaje, har yau ba su tsaya ba.

Cikin ganuwa akwai daɗin zama da 'yan'uwa, amma abin da za ka samu yawanci gidan gado ne, magaji ɗaya ya yarda biyar su ƙi. GRA ta masu hannu da shuni ce. Sabon Gari da Tudun Wada sun cika maƙil, sai dai mai neman shago. Wajen Ɗan Magaji ba laifi ga wanda harkarsa ke Kaduna.

Ni dai in ana shawara da ni, layin Samaru zuwa Milgoma har Shika nake nuna wa mutum. A nan ba ka jiran mai haya, shi ke jiranka: ɗalibai, malaman jami'a, ma'aikatan jinya, likitoci masu neman ƙwarewa, ga masu jinyar 'yan'uwa da ke zuwa daga Katsina da Zamfara. Ɗakuna huɗu masu banɗaki a ciki sun isa su riƙe gida. Mota da Keke Napep ba sa yankewa a titin, kuma in ka ɗan shiga ciki kana iya samun fili mai ƙafa 50 da 100 wanda ma'aikaci zai iya tarawa ya saya. Abu ɗaya: ka tambayi maƙwabta ko rijiyarsu na ƙafewa a watan Afrilu. Bazazzage ya san wahalar ruwa, kuma gidan da ya dogara da 'yan garuwa ba ya riƙe mai haya. Ka kuma sani Samaru tana ƙaramar hukumar Sabon Gari, Shika tana Giwa, don kada a kai ka wurin mai unguwar da ba hurumin sa ba.

Babbar maganar ita ce takarda. Wani dillali ya taɓa sayar mini da filin da ya riga ya sayar wa mutum biyu, da shaidu da tambari da komai, har yau kuɗin nan bai dawo ba. Saboda haka ko kafin alƙalami kada ka bayar sai ka ga mai filin ido da ido. Dillalin da ya ce maka mai fili ya yi tafiya, ko ana gaggawa domin wani zai biya gobe, ka kama gabanka. Takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce, amma tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna. Ka kai lambar filin ofishin KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, a duba da sunan wa take, sannan ka nemi izinin gini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kafin ka sauke yashi.

Kada a ruɗe ka da cewa ai kowa ya gina a wurin. Mutanen da aka rushe wa gidaje a harabar Kwalejin Alhudahuda a 2015 sun daɗe a zaune. Haka aka yi a unguwar Graceland a 2021, kan filin da aka ce na kwalejin horar da matuƙan jirgin sama ne. Duk filin da ya jingina da katangar makaranta, barikin soja ko layin dogo, ko yake ƙarƙashin babbar wayar wuta, ka bar shi komai arharsa.

Sai awon igiya, inda mai gona ke yanka filaye ba titi ba magudanar ruwa. Irin wannan ka je ka gan shi a watan Agusta, musamman kusa da rafin Kubanni, domin akwai kududdufin da ake cikewa da shara a rani a sayar. In ka biya kuma, a ranar ka kafa turakun iyaka a gaban maƙwabtan filin, ka zagaye shi da bulo ko da layi uku ne.