Yawon ganin aku a dajin Hogsback: kuɗin ya halatta, amma akwai gyara

Duk ɗan uwan da karatu ko aiki ya kai shi lardin Eastern Cape a Afirka ta Kudu, shawarata ita ce ya ware asabar guda ya biya ɗan jagora ya kai shi ganin aku a dajin Hogsback. Na fara da wannan ne saboda akwai ƙorafi a gaba, kada wani ya ɗauka kushe yawon na zo yi.

Hogsback ƙauye ne a kan duwatsun Amathole, kimanin kilomita 30 daga Alice, garin da Jami'ar Fort Hare take, inda nake karatu. Titin R345 ne ke hawa da kai, kwana bayan kwana, ga hazo da kan rufe hanya ba sallama. Ni da maiɗakina muka je, muka kwana a wani masauki, domin yawon tun kafin fitowar rana ake fara shi. Tsuntsun sammako ne da shi: gari na wayewa yake barin makwancinsa ya tafi kiwo, wani lokaci nesa ƙwarai. Wanda ya tsaya shan shayi sai dai ya ga bishiyoyi.

Bari in sauke ƙorafin. Neman jagoran ta WhatsApp sai da haƙuri, ka aika saƙo da safe amsa ta zo washegari. Ya ce zai zo da madubin hangen nesa na mutum biyu, ya zo da guda, shi ma ido ɗaya ya dushe. Kuma bai gargaɗe mu kan sanyi ba. A watan Mayu muka je, farkon hunturunsu, alwalar asuba kaɗai ta isa jarrabawa. Wurin da dusar ƙanƙara kan sauka a tsakiyar hunturu, ai ya kamata a ce wa baƙo ya zo da safar hannu.

To amma da muka tsaya a bakin daji, mutumin ya nuna ya san aikinsa. Mutumin yankin ne, Xhosa yake ji tun daga nono, da "bhuti" (ɗan'uwa) yake kirana, maiɗakina kuma "sisi" ('yar'uwa). Ya tsayar da mu a wani fili da ke kallon kwari ya ce mu kasa kunne. Kukan muka fara ji, wani ƙara mai kaifi, sannan garke ya keto sama da gudu. Kaɗan daga ciki suka sauka kan wata busasshiyar bishiya suna shan hantsi, a nan muka ƙare musu kallo. Wannan ba akun da muka sani a keji a Kano ba ne, mai launin toka da jan wutsiya. Jikinsa kore ne, kai da wuya ruwan ƙasa mai ratsin zinariya, da ɗan ja a kafaɗa da ƙwauri. Tsawonsa kamar santimita 30. Jagoran ya nuna mana tamata da jan goshinta. Isikhwenene suke ce masa, Turawa kuma akun Cape, kuma a duk duniya babu inda yake rayuwa a daji sai Afirka ta Kudu. Waɗanda suka rage ba su kai 2,000 ba, a warwatse tsakanin Eastern Cape da KwaZulu-Natal da wani ɗan yanki na Limpopo.

Kallon tsuntsun bai daɗe ba, gaskiya. Abin da ya sa na ce kuɗin ya halatta shi ne abin da ya biyo baya, lokacin da ya shiga da mu cikin dajin ya koma maganar bishiya. Rayuwar wannan aku a ɗaure take da bishiyar yellowwood mai rawayen katako. 'Ya'yanta yake fasawa da ƙaton bakinsa ya ci ƙwayar ciki, a kanta yake kwana, kuma a kogon tsofaffinta yake ƙwai, can sama. Shi ba ya saƙa sheƙa, kogo yake nema, kogon kuwa sai bishiya ta tsufa ta fara ruɓewa yake samuwa. Su kuma waɗannan manyan su ne masu saran katako suka fi bi tun ƙarni na 19, aka yi daɓen gidaje da kujeru da su, aka shimfiɗa layin dogo a kansu. Ya kai mu gindin wata da ake kira Big Tree, wadda aka ƙiyasta ta kai shekara 800, ya ce mu duba kewaye mu nemo sa'arta. Babu. Dajin kore shar, mai wucewa zai ce lafiya lau yake, alhali gida ne da aka kwashe dattawansa.

Daga nan na gane dalilin da ya sa nake jin kukansu a Alice a wasu watanni. Idan abincin daji ya yi ƙaranci sai su gangaro gonakin pecan, wata gyaɗar bishiya da aka kawo daga Amurka. A can suke haɗuwa da masu tarko da masu gona da ke jin haushinsu. Ga kuma cutar baki da gashi, wadda ƙwayar bairos ke kawowa: gashi ya zube, baki ya lalace, tsuntsu ya kasa jure sanyin dutse.

Ya san aikin masu ceton tsuntsun dalla-dalla. Cape Parrot Project, wanda Dokta Steve Boyes ya kafa a 2009 ƙarƙashin Wild Bird Trust, a nan Hogsback yake da mazauni. Mutanen ƙauyukan kewaye ne ke renon dashen bishiyoyin gida, a saya a hannunsu a dasa a daji. Suna kuma rataya akwatunan katako a saman bishiya a madadin kogo, sai dai ƙudan zuma kan riga aku shiga, abin da ya ba maiɗakina dariya har ta manta da sanyi. Akwai kuma ƙidayar shekara-shekara da Farfesa Colleen Downs ta Jami'ar KwaZulu-Natal ke jagoranta tun 1998, inda 'yan sa-kai ke tsayawa a bakin dazuzzuka da yamma da kuma washegari da asuba suna lissafa abin da ya wuce.

Abu guda ya ƙara masa daraja a idona. Wani Bature da ke cikin tawagarmu, mai ƙatuwar kyamara, ya matsa a kai shi gindin bishiyar da aku ke renon 'ya'yansa, har da alkawarin ƙarin kuɗi. Jagoran ya ƙi, cikin ladabi, ya ce wurin sheƙa ba abin nunawa ba ne, hoto guda a intanet ya isa ya kawo ɓarawo. Ni da na taso ina ganin aku a keji ana sayarwa a kasuwa, na san ba zuƙi ta malle yake ba. Cinikin ne ya cinye akun toka na dazuzzukanmu har taron CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji da tsirrai, da aka yi a Johannesburg a 2016 ya haramta fataucin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe.

Tafiyar cikin dajin akwai gangara da santsi, dattijo mai ciwon gwiwa gara ya tsaya a kallon farko na bakin daji. Birai samango suna nan, a riƙe jakar abinci da kyau. Abincin halal kuwa mu ba mu samu ba a ƙauyen, a yo guzuri daga gida. Sannan a tambayi jagora tun a waya ko madubi nawa zai kawo, in da hali ma a aro na wani a zo da shi.