Garin acha na leda: yadda ya yi mana a gidan mai cutar siliyak

'Yata tana da cutar siliyak. Duk lokacin da ta ci gulutin, wato sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir, garkuwar jikinta sai ta far wa ƙaramin hanjinta, abinci ya daina shiga jini yadda ya kamata. Daga nan gudawa, kumburin ciki, rama da ƙarancin jini ke biyowa. Ana ƙiyasin kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ita, kuma maganinta ɗaya ne: barin duk abin da ke da gulutin har ƙarshen rayuwa. Burodi, taliya, gurasa, funkaso, cincin, alkaki, semo, duk mun yi sallama da su.

Barin waɗannan bai ba ni wahala kamar injin niƙa ba. Dawa da gero da masara ba su da gulutin, amma injin unguwa ba ya zaɓen hatsi. Wata ta niƙa alkama, ke ki zuba dawarki a bayanta, ƙurar da ta maƙale ta isa ta tayar wa yarinya da ciwo. Na taɓa roƙon mai injinmu a Tudun Wada ya wanke mini kafin ya zuba, ya ce, "Hajiya, in na kwance inji don kwano biyu, layin nan wa zai sallame shi?" Gaskiyarsa ce, sana'arsa ke nan.

Shi ya kai ni ga garin achan da wata baiwar Allah ke haɗawa a unguwar Barnawa, Kaduna. Daga wajen Kafanchan ake kawo mata achar, ta wanke, ta shanya, ta niƙa a ƙaramin injinta da ba a zuba masa komai sai acha da gero. Kafin in saya na ce ina so in ga injin da idona, ba ta ji haushi ba, ta ce, "Shigo mana, Maman yara, ai lafiya ta fi ciniki." Na leƙa har cikin mazubin, na duba buhunan da ke jingine, ban ga ƙwayar alkama ba. Wannan shi ne abin da nake biya wa kuɗi, kuma don shi nake komawa.

Wanki kam ta iya. Duk wadda ta taɓa sayen acha a Kasuwar Barci ta san aikin rairayarta, ƙwayar ƙanana ce ƙwarai, yashi ya saje da ita. A wannan ban taɓa jin ƙaras a haƙori ba. Tuwonsa yana nuna da wuri, yana da laushi, ya karɓi miyar kuka da ta kuɓewa. Kunu da madara shi ne karin kumallon yarinyar yanzu. Tana sayar da tsabar ma, da ita nake fate da alayyafo da yakuwa, wanda har mahaifinta yake neman ƙari.

Inda bai yi ba shi ne wajen maye gurbin fulawa. Gulutin ne ke sa ƙulli ya yi danƙo ya riƙe iska, acha kuwa ba ta da shi. Fanken da na gwada ya watse a cikin mai, sai da na haɗa da garin rogo da ƙwai ya tsaya. Burodi kuwa bai tashi ba ko kaɗan. Ɗan wake ya yi kyau da garin wake da kuka da kanwa, kuma wannan ya faranta mini rai, don na waje yawanci akwai fulawa a ciki.

Abu biyu ke damuna. Farashin ya fi na awo a kasuwa sosai, mai gida babba zai ji a jikinsa. Sannan ledar an rubuta mata "babu gulutin" ba tare da gwajin ɗakin bincike ba. Ƙa'idar duniya ita ce kada gulutin ya wuce miligiram 20 a kilo 1 na abinci, kuma ido ba ya auna wannan. Na faɗa mata, ta ce tana neman inda za a gwada mata.

Ga wadda ke zargin ɗanta yana da cutar, kada ki yanke masa alkama kafin gwajin jini, don hakan yana ɓoye ta a sakamako. In likita ya tabbatar, garin nan zai rage miki fargabar tuwo da kunu, amma dunƙulen miya da lemon malt sai kin ci gaba da karanta bayansu, kuma mai sayar da masa ki tambaye ta ko tana ƙara fulawa a ƙullinta.